Awarwaron da Aka Yanke

Makon jiya ina neman allurar ɗinkin katifa a ƙasan tsohuwar kwallata, hannuna ya ci karo da awarwaron nan. Na azurfa ne, ko dai abin da muke kira azurfa a lokacin. Ya yi baƙi, kuma a yanke yake, bakunansa biyu sun kauce wa juna. Na zauna a bakin gado riƙe da shi har aka kira la'asar ban nemo allurar ba. In ka gan shi cewa za ka yi a ba masu gwangwan. Na yayata ne, kuma ina tsaye aka yanke shi daga hannunta.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ajingi, ba nisa da Gafasa. A lokacin da nake ba ka labari ba a ma canza kuɗi zuwa naira ba, ni kuma ban wuce shekara tara ba. Kakata, wadda ta haifi Baba, ita ce ungozomar garin. Kusan duk wanda ka gani yana tafiya da ƙafafunsa a unguwarmu ita ta yanke masa cibiya, kuma ba ta barin kowa ya manta. Ko mai unguwa ya ɗaga mata murya sai ta ce masa ta san shi tun yana cikin tsumma. A ɗakinta nake kwana. Ɗakin kullum warin kanwa da busasshen ganye yake, ga rezarta a naɗe cikin ƙyalle an soke a jikin jinka. Ina son ta fiye da yadda nake son kowa a gidan, wannan kuma ba zan ɓoye maka ba.

Abin da Kaka ta yi suna da shi ido ne. Akwai wata ungozoma a ƙauyen da ke gaba da mu, ita sai ta shafa ciki ta latsa ƙafa kafin ta yi magana, Kaka kuwa ta raɗa mata suna mai lalube, tana kwaikwayonta muna dariya. Ita kallo ɗaya take yi wa mace ta faɗi watan da za ta sauka. Kuma ba ƙarya ba ne, ta iya. Na taɓa ganin ta tsayar da matar wani maƙwabcinmu a bakin rijiya, ta dubi fuskarta ta ce, “Ke, wannan cikar fuskar ba tawa ba ce. A kai ki asibitin Gaya yau, kada a kwana.” Aka kai ta, ta dawo da 'yarta a goye. Ka riƙe wannan, don shi ne abin da har yau ya tsaya mini a wuya: ta san abin da kumburi yake nufi.

Ni kaɗai na san idon ya tafi. Da damina abin ya fara. Wata safiya ta gaida turmi, ta ɗauka Inna ce a tsugune. Na fashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta ja ni ɗaki, ta sa na dubi ƙwayar idonta, na ga wani fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Ta ce, “Ƙawata, tsakanina da ke ne. Ranar da garin nan ya ji, sai su koma wajen mai lalube, ni kuma in zama tsohuwar da ake miƙa wa tuwo ta bayan ƙofa. Kin yarda a yi mini haka?” Na ce ban yarda ba. Ta damƙa mini ƙuli-ƙuli biyu. Daga ranar in za mu fita sai ta ɗora hannu a kafaɗata, mutane suna cewa dubi tsohuwa da jikarta, ba sa rabuwa. Muryar mutum take kamawa ta kira shi tun daga nesa. Ni kuma ina jin kaina wata babba, mai riƙe da sirri.

Ana cikin cirar gyaɗa aka kawo Yaya goyon ciki daga Kademi, inda take aure. Cikin fari ne, wata bakwai. Mijinta ya biyo bayanta da itacen wankan jego lodin jaki uku, aka jibge a bayan rumbu, yana ta sunkuyar da kai a zaure. Yaya doguwa ce siririya, mai yawan dariya, in tana daka awarwaronta na kaɗawa har waje ana ji.

Yanzu sai ka gane yadda gidanmu yake. Yaya 'yar fari ce, saboda haka Inna ba ta kiran sunanta, ba ta kallon ta ido cikin ido, balle ta tambaye ta lafiyar ciki. Ita kuma Yaya cikin fari gare ta, kunya ba ta barin ta ta ce ga inda yake mata ciwo, ko da kanta zai rabe biyu. Baba namiji ne, maganar ciki ba ta isa zaure sai an haihu. Mutum ɗaya al'ada ta ba damar ya duba, ya tambaya, ya yanke hukunci, ita ce ungozoma. Duk gidan mun jingina da idon da ba ya gani, kuma ni ce kawai na san haka.

Kafin a gama kwashe gyaɗa daga gona Yaya ta fara cika. Ƙafafun suka fara, takalminta ya daina shiga. Sai yatsu, sai fuska, idanunta suka ƙanƙance. Dariyar ta ragu. Takan zauna a inuwar ɗaki ta ɗaure goshinta da ɗankwali tamau. Inna tana gani. Na sha kama ta tana satar kallon ƙafafun nan ta gefen ido, sannan ta koma ta huce haushinta a kan tukunya.

Wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Yaya ta yi abin da na san ya yi mata nauyi ƙwarai. Ta miƙe ƙafarta ta hagu a gaban Kaka, murya ƙasa-ƙasa ta ce, “Kaka, dubi ƙafar nan tawa. Kuma kaina ba ya sauka, har wasu taurari nake gani.”

Kaka ta juya, ta ƙura ido. Wallahi taɓaryar da ke yashe kusa da ƙafar take kallo. Ta daɗe tana kallon ta, tana gyaɗa kai irin na masana. Da ta miƙa hannu taƙi ɗaya ta taɓa, da yatsanta ya nutse a naman nan, da ta gane. Amma ita ba ta lalube.

“Lafiya ƙalau,” ta ce. “Namiji ne, su ne masu nauyin nan. Ki rage shan zaƙi.”

Yaya ta janye ƙafarta a hankali. Ta dube ni, na sunkuyar da kai na ci gaba da ɓara.

Bayan kwana kaɗan Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Gaya, ta zo duba mu. Tun daga bakin ƙofa ta saki salati. Ta ce wa Kaka, “Iya, yarinyar nan fuskarta ta cika fa. Irin wadda kike cewa a kai asibiti ce.” Na ji hannun Kaka ya yi sanyi a kafaɗata. A nan ne ta sami hanyar fita, da ta so. Sai dai in ta yarda, dole a tambaya ina idonta yake duk makonnin nan da yarinya ke gabanta.

“Ni za ki koya wa fuskar mai ciki?” ta ce. “Don kin zauna a Gaya kin ga masu farin kaya? Ƙiba ce ta hutu. Ta zo gida tana ci tana kwanciya.”

Gwaggo ta haɗa kayanta, tunda uwa ce ta yi magana. Ta koma Gaya da yamma ranta a ɓace.

Awarwaron ya nutse a hannun Yaya har yatsunta suka fara baƙi. Aka gwada sabulu, aka gwada man gyaɗa, ya ƙi fita. Baba ya kira maƙerin garin, Yaya ta miƙo hannu ta ƙofar zaure fuskarta a rufe, ya sa abin yankansa ya datse. Inda ƙarfen ya zauna ya bar rami zagaye da hannun. Maƙerin ma sai da ya ce, “Malam, wannan hannu lafiya kuwa?” Baba ya ce ai tsohuwa ta duba. Na tsinci awarwaron a ƙasa na ɓoye a lalitata. A daidai lokacin maganar ta zo mini har baki. Na tuna tsohuwar da ake miƙa wa tuwo ta bayan ƙofa, na haɗiye.

Kwana biyu bayan nan, rana ta take tsaka, Yaya ta tashi za ta sha ruwa a randa sai ta faɗi. Jikinta ya sanƙare, ya kama jijjiga, ta taune harshenta jini yana zuba. Inna ta manta da wata kunya, ta yi kanta, kuma ranar na fara jin sunan Yaya a bakinta, tana ƙwala shi kamar za ta tsaga gidan. Kaka tana tsaye tana cewa iska ce, a kawo garwashi a yi turare. Baba bai ko dube ta ba. Aka shimfiɗa Yaya a amalanken shanu zuwa bakin hanya, aka tsayar da motar da ta ɗauko gyaɗa, aka ɗora ta a kan buhuna. Daga Gaya aka wuce da ita Kano.

Ta rayu. Ɗan bai rayu ba. Namiji ne kuwa, nan kaɗai Kaka ta faɗi daidai. Gwaggo da ta yi jinyar ta ce malamar asibitin da ta karɓe su ta latsa ƙafar Yaya, ta ɗago ta tambaye su ko duk gidan babu mai ido ne.

Ranar da aka dawo da ita mata suka cika tsakar gida ana jaje. Yaya tana kwance a ɗakin Inna, labule kawai ya raba ta da su. Wata tsohuwa ta ce ikon Allah, abu ya faru a gidan ungozoma. Sai na ji muryar Kaka, a natse, babu ko rawa a cikinta.

“Yaran yanzu da zurfin ciki. Da ta nuna mini ko sau ɗaya, ai da tuni na sa an kai ta. Ba ta taɓa cewa komai ba.”

Matan suka ce haka ne, kunya ce ta cuce ta. Yatsun Kaka suka matse kafaɗata har na ji zafi. Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba. Na ɗauka sirrin da na riƙe na wata baiwar Allah ne mai tsoron wulaƙanci. Ashe mace ce da za ta iya ɗora laifinta a kan jikarta da ke kwance babu ɗa a hannu, tana jin ta ta bayan labule. Na zame kafaɗata na fita. Daga ranar na kwashe tabarmata na koma ɗakin Inna, aka yi ta tsokanata wai na yi yaji. Amma ban faɗa ba. Ko a ranar ban faɗa ba.

Sai da shekara ta zagayo Kaka ta faɗa ramin kwasar ƙasa a bayan gida, gari ya san ba ta gani. Aka yi ta tausaya mata, wai ido ya tafi farat ɗaya. Babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Ta rasu da mutuncinta, jama'ar da ta yi mata salla har daga Ajingi.

Yaya ta haifi biyar daga baya, duk a asibiti, duk suna raye. Sai da muka yi furfura mu biyu na je Kademi na zauna a gabanta na faɗa mata komai, ina kuka kamar yarinya. Ta bari na gama. Ta ce, “Ai na sani. Tun ranar da na miƙa mata ƙafa ta duba taɓarya.”

Na ce to me ya hana ta magana?

“In faɗa wa wa? Inna da ba ta kallona, ko Baba? In ce kakata makauniya ce, ina ɗauke da cikin fari? Ke nake jira. Ke ce yarinya, ba ki da kunyar kowa. Shi ya sa na dube ki.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, har fura ta dama mini bayan nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu abubuwa sun canza. Akwai asibiti kusa, mai ciki ta hau babur ko keke mai ƙafa uku ta je awo, a ɗaura mata abu a hannu a gaya mata jininta ya hau. 'Yan mata suna maganar cikinsu da uwayensu a waya, tsofaffi irina suna cewa kunya ta ƙare. Ni ba na cikin masu kukan wannan. Na dai san har gobe akwai masu duba mutum su ce lafiya ƙalau don kada a ce ba su iya ba, wasunsu ma da farin kaya a jiki.

Bara idona na dama ya fara hazo. Ranar da na lura, kafin in karya kumallo na tara 'ya'ya da jikoki na gaya musu, har suna dariya wai sai ka ce sanarwar ɗaurin aure. Jikata ta fari tana ɗakina yanzu, ta zo goyon ciki. Kullum da safe nakan ce ta miƙo ƙafarta. Takan ce, “Kaka, ai jiya kin gani.” Sai in ce mata ban gani ba, ni lalube nake yi. In sa babban yatsana a ƙwaurinta in danna, in jira in ji naman ya taso, sannan in sake ta.