Uban da Ya Juya Baya

Abarshi mai zanen ƙwarya mutumin Kuyello ne, kuma a zamanin En'e babu wanda ya fi shi iya riƙon wuƙar zane a ƙasar Birnin Gwari. Sai da furfura ta fito masa kafin ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Da Malam Nababa na elementare ya mayar da wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingila labarin yara da Hausa, sai ya nemi Abarshi ya zana hotunan.

Akwai teku a labarin, amma Abarshi bai taɓa ganin teku ba, sai ya sa dajin Kamuku a madadinsa. Malam ya yi dariya, ya yarda. A kan hoton ƙarshe suka saɓa, inda uba yake rungume da 'yarsa ta fari yana kiran sunanta.

"Malam, wane uba ne zai ambaci sunan 'yar fari, balle ya rungume ta? Yara za su ce ba shi da kunya."

"Baba Abarshi, haka Turawan suka rubuta."

"To, su zo su zana."

Ya zana uban ya juya baya, yana kallon wata kuka.

Shi ma yana da 'yar fari, Furera, mai shekara goma, wadda bai taɓa kira da komai ba sai "ke". Da damina ciwon barci ya kama ta. Wata rana da hantsi ta farka, ta roƙi a nuna mata hotunan. Ta daɗe tana duban na ƙarshe.

"Baba, fushi yake yi da ita?"

"Ba fushi ba ne. Kunya ce."

"To, ita ta sani?"

Sunan ya zo har kan harshen Abarshi. Sai ya hangi yayarsa tsaye a bakin ƙofa, ya haɗiye shi. Ya ce, "Ke, sha kununki." Bayan kwana uku aka kai ta makwancinta.

Da aka yi sadakar bakwai, ya ɗauki sabuwar takarda ya sake zanen. Wannan karon uban ya juyo, ya miƙa hannu biyu. A ƙarƙashi, da bokonsa mai karkata, ya rubuta: Furera.

Malam Nababa ya duba. Ba shi ne sunan yarinyar wasan ba, amma bai gyara ba, haka ya karanta wa yaran ajinsa.

Abarshi ya ƙara shekara goma sha tara a duniya. Ganye da tsuntsaye ya ci gaba da zanawa a ƙwarya. Bai sake zana mutum ba.