Wuƙar da aka hana ni a kasuwar Tambuwal

Shekarar da aka mayar da ni aiki asibitin Kebbe na koyi sassaƙa. Ban san kowa a garin ba, yamma tana yi mini tsawo, sai in zauna da guntun icen aduwa ina ƙoƙarin fitar da cokali. Wuƙar girki ta yi ta yanka mini yatsu. Ranar kasuwa na hau mota zuwa Tambuwal neman ƴar ƙaramar wuƙa mai naɗewa.

Na samu wani dattijo ya baza wuƙaƙe a kan buhu. Akwai mai tsini, akwai mai lanƙwasa kamar lauje, akwai wata mai miƙaƙƙen baki da dukulkulin kai marar tsini. Na ɗauki mai tsinin ina gwada ta da babban yatsa, na tambaye shi ko tana shiga da zurfi.

Ya daɗe yana kallona.

"Shiga cikin mi?" in ji shi.

"Ice, Baba. Cokali nake sassaƙawa."

"Ɗan ina ne kai?"

Na ce Kebbe nake aiki. Ya ce bai tambayi inda nake aiki ba. Lokacin ana yawan maganar ɓarayin daji, baƙo kuwa kowa na sa masa ido. Mai sayar da igiya a gefensa ya bar cinikinsa ya matso.

Dattijon ya zare wuƙar daga hannuna, ya tura ta ƙarƙashin buhu.

"Wagga an riga an saye ta. Ga ta masu sassaƙa."

Ya miƙo mai dukulkulin kan. Na ga tsatsa a gindinta, nan take ni ma na fara zarginsa: wataƙila ta daɗe ba ta fita ba, ya samu baƙon da zai liƙa wa. Amma idanun mutum biyu na kaina, ban iya musu ba. Na biya na tafi. Da na waiga daga bakin tasha, mai igiyar yana tsaye yana duban motar da zan shiga.

Wuƙar tana fere bayan cokali sumul, amma ba ta iya ƙwaƙule cikinsa. Cokulana na wannan shekarar duk ba su da zurfi, ko kunu ba sa ɗiba sosai. Na koma kasuwar daga baya, na wuce ta gabansa na gaishe shi. Ya amsa, ya ja buhunsa kusa da ƙafarsa.