Ban Ja Sarƙa a Fadamar Rahad Ba

Muna sallame sallar asuba muka bar garin Mafaza, ni da abokin aikina, kowa a kan taraktar da yake tuƙawa, wakilin mai gona yana gaba a mota. An ce sabon fili za mu share a gefen kogin Rahad. Ruwan farko ya sauka, kun kuwa san lakar yankinmu na Gadarif, in ta riƙe taya ba ta jin magiya. A wata rumfa muka ci kisra, wato wainar dawa mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa, muka kora da gahawa. Kofin kullum tsukewa yake yi, kuɗinsa yana ƙara ƙiba.

Da hantsi muka isa. Wallahi ban san lokacin da na kashe inji ba. Fadama ce shimfiɗe, bado fari da shuɗi ya rufe ruwa, bagaruwa ta yi fure rawaya, ƙamshinta har ya danne warin mai. Sama kuwa shirwa da shaho ke ta shawagi, ga gaggafa zaune kan sheƙarta a ƙolin wata bishiya. Rabona da ganinsu haka tun da jirgin feshi ya fara bin gonaki yana kashe tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi, gubar ta haɗa har da su. Da suka ɓace ɓera ya samu gari, bara shi ya cinye mini rabin riɗi.

Wakili ya sa aka sauke sarƙa. A tsakanin tarakta biyu ake ɗaura ta, a ja, duk itacen da ta tarar ya kwanta.

Na ce, "Alhaji, ban da ni."

Ya ce, "Kai, tsuntsu ne zai ciyar maka da 'ya'ya?"

Na ce, "Ɓera dai ba zai ciyar da su ba."

Sarƙa ba ta jawuwa da tarakta ɗaya. Wakili ya ce shi zai hau tawa. Sai abokina ya dafe ƙugu, wai ciwon bayansa ya tashi. Allah Ya yi wa wannan baya albarka! Nan take aka karɓe mana makullai, aikin bana ya tafi.

A bayan motar gawayi muka dawo, baƙi ƙirin. Mai ɗakina ta saurare ni tsaf, ta ce, "Sannu, sarkin shirwa. To me za mu ci?" Abin ya yi mini ciwo.

Na san wakilin zai nemo wasu direbobi. Amma tafiyar nan ta koya mini abu guda: tarakta ta mai gona ce, ƙafar da ke taka ta kuwa tawa ce. In fadamar nan za ta mutu, ba dai da ƙafata ba.