Ƙanzon da Aka Zuba wa Ruwa

Akwai wata yamma a Doha da na san ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa ba za ta fita daga raina ba. Kuma duk a kan ƙanzo ne, ƙanzon nan da yara ke kankara a gindin tukunya.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne. Ina tuƙa motar wani kamfani, ina zaune a Bin Omran ɗaki ɗaya da wani abokina ɗan Malumfashi mai gadi a wani babban kanti. Mutum ne mai ci, ga tsokana, kullum sai ya ce ina cin abinci kamar wanda aka yi wa dole. Sai ciwon ciki ya kama shi. Tun yana cewa gyambon ciki ne har likitoci suka ce ƙari ne, sai an yi masa aiki. Ina ji ina gani kakinsa ya yi masa yawa, ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Duk abin da na kawo masa, biryani ne ko shawarma, sai ya sunsuna ya ture.

"Mutumina," ya ce min wata rana, "ka san me raina yake so? Ƙanzo. Irin na tukunyar ƙasar Inna."

Na yi dariya, na ce duk arzikin Qatar ka rasa abin marmari sai abincin yara. Da na ga idonsa na haɗiye dariyar. Na gwada da tukunyar lantarkinmu, ita kuwa 'yar banza, da shinkafa ta fara kamu sai ta kashe kanta. Murhun gas kuma mai gidan ya hana.

Wani direba ɗan Filifin ne ya kwatanta min wani ɗan shagon kofi a lungun Al Sadd, na wasu Musulmi 'yan Malesiya, inda ake dafa shinkafa da kaza a ƙananan tukwanen ƙasa, a kawo maka da tukunyar. Ya ce ƙanzon ma shi ake zuwa ci. Kafin kafil ɗina, wato ubangidana a wurin aiki, ya ba ni hutu, ranar kwanciyar abokina a asibiti ta zo. An ce ya je kafin magariba, kuma daga nan ba ci ba sha sai bayan aiki. Bayan la'asar na sa shi a tasi muka tafi, da jakarsa a cinya.

Matar da ke kula da shagon ta ce tukunya tana ɗaukar lokaci, ba a yi mata gaggawa. Ta kawo mana kofi mai madarar gwangwani, da gasasshen burodi da aka shafa wa wani abu mai zaƙi na kwakwa, da ƙwai da ko rabin dahuwa bai yi ba. Abokina ya leƙa ƙwan ya ce, "Wannan ai in ka bar shi zai ƙyanƙyashe." Rabona da in ji ya yi tsokana har na manta.

Da tukunyar ta iso tana tsuwa, ƙamshin ƙuna-ƙunan nan ya bugi hancinmu, sai ya rufe ido ya shaƙa. Ya ci cokali kaɗan daga sama, ni na kwashe sauran shinkafar a farantina don a kai ga gindi. Ga ƙanzon nan jajir, ya manne. Matar ta ce a ɗan jira tukunyar ta huce, zai ɓanɓaru da kansa. Ya riƙe cokali yana jira.

A nan ne muka ji sallama. Baffan matar abokina ne, ƙanin mahaifinta, dattijon da ya samo masa bizar zuwa Qatar. Tun daga Al Wakrah ya hawo bas don ya yi masa addu'a, ya je ɗakinmu aka ce masa muna nan. Abokina ya ajiye cokalin, ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Baffa, barka da yamma. Ai da ba ka wahalar da kanka ba."

"Tashi, tashi. Ci abincinka, ɗana."

"Na ƙoshi, Baffa. Khalas, na gama."

Duk Bahaushe ya san wannan ƙoshin. Ina za ka tauna abinci a gaban suruki, balle ka kankari tukunya? Dattijon ya zauna, ya kawar da kai gefe don shi ma kunyar yake ji, ya shiga nasiha da addu'a. Ya yi wa aikin addu'a, ya yi wa 'ya'yan abokina, ya ambaci iyaye da kakanni. Addu'a ce mai kyau, daga zuciya, muna ta amin. Ni kuwa idona na kan ƙofa, ina kallon hasken rana na janyewa daga kan titi.

Na ce, "Baffa, ko za mu ɗan fita in nuna maka inda za ka samu bas?"

"Wane bas? Ai tare za mu kai shi asibiti."

Ban ankara ba mai kwashe kwanuka ya zo, ya ga cokali a ajiye, ya ɗauke tukunyar. Na bi shi da sauri don a kankare min a leda, ko a tasi abokina ya ci a ɓoye. Na tarar ya riga ya tura ta ƙarƙashin famfo. Na tsaya ina kallon ƙanzon yana jiƙewa. Matar ta ce za ta ɗora wata. Kafin ta rufe baki aka kira sallar magariba.

A tasi Baffa na gaba, mu muna baya. Abokina ya matso kunnena ya ce, "Kar ka damu, mutumina. Na dai ji ƙamshin. In na fito za mu dawo."

Bai fito ba. Da suka buɗe cikin suka tarar abin ya bazu. Ya yi makonni ana ba shi abinci ta roba, bai ƙara tauna komai a duniya ba, a Doha muka binne shi. Har Baffa ya koma ga Allah ban gaya masa abin da zuwansa ya katse ba, don ban ga laifinsa ba. Na nemi wanda zan ɗora wa laifin na rasa, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Kowa a teburin nan alheri yake nufi, amma mutum ya tafi da yunwarsa.

Abin da na koya shi ne, kunyarmu abu ce mai kyau, amma babba ne ya kamata ya sauke wa ƙarami ita, don ƙarami ba zai taɓa buɗe baki ya roƙa ba. Yau ni ma na aurar da 'ya. Duk ranar da mijinta ya zo gidana, da an ajiye masa kwano nake ɗaukar hulata in fice. Iyalina suna cewa ba na son zama da yaron. Ba na dawowa sai na tabbata ya kai gindin kwanon.