Hoton Matar Baba Gyara

Shagona na ɗinki da shagon Baba Gyara bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na katako, ko tari ya yi ina ji. Sana'arsa gyaran tsofaffin hotuna a kwamfuta, daga nan sunan ya bi shi. A kawo masa hoton da ruwa ya ɓata, ko wanda gara ta cinye rabin fuskarsa, ya zauna ya mayar da hanci inda hanci yake. Yawancin masu zuwa wurinsa rasuwa aka yi musu. Yakan ce shi da likita aikinsu ɗaya, sai dai shi ba a kawo masa mutum sai an makara.

Abin haushin, mutumin da ya ƙarar da idonsa a kan hotunan matan wasu, tasa matar hoto ɗaya tal ta bari. Ba ta son kyamara ko kaɗan. Da ta ga ya ɗaga za ta kare fuska da hannu, ta ce ya je ya nemi aikin yi. Ɗayan da ya samu ma satarsa ya yi da wata tsohuwar waya, tana shanya a tsakar gida, ta juyo za ta yi masa faɗa. Wayar ta daɗe da lalacewa, hoton dai ya tsira a cikin kwamfuta.

Bayan rasuwarta, kullum da safe kafin ya taɓa aikin kowa sai ya buɗe hoton nan. Yana cin kusan rabin allon kwamfutar. Ya zuba shayi, ya ɗan ja kujera baya, ya yi ta kallo har kofin ya huce. Ni dai in na leƙa sai na ga mace a cikin hazo, amma shi matarsa yake gani, kuma ba ni da bakin magana.

Allon nasa tsoho ne, ya kusa sa'ar 'yarsa. Wata rana ya yi wata ƙara, ya ɗauke, bai sake kawowa ba. 'Yar tasa, ma'aikaciyar jinya ce, ta sayo masa sabo. Girmansu ɗaya da tsohon, amma na ciki ya sha bamban. Baba Gyara ya yi mini bayani da yaren da zan gane. Ya ce duk abin da allo yake nunawa ɗigo-ɗigo ne aka jera, tsohon nasa saƙar buhu ne, zaren manya-manya, sabon kuwa yadi ne mai laushi, inda wancan ke da ɗigo ɗaya wannan ya cusa da yawa.

Ta fuskar aiki ba abin da za a ce sai godiya. Rubutu ya fito tas, ya daina kai hanci jikin allo yana mutsuke ido. Ciwon kan da yake tashi da shi kowace yamma ya tafi. Gashin gira ma ɗaya-ɗaya yake gani a hotunan mutane. Na taya shi murna da gaske.

Sai ya buɗe hoton matarsa, ya ga ta koma kamar akwatin ashana a tsakiyar allo. Ɗigon hoton ba ya ƙaruwa, tsohuwar wayar kaɗan ta ɗauka, su kuma ɗigogin sabon allon ƙanana ne, sai suka tattare ta wuri ɗaya. Da ya ja hoton ya faɗaɗa, fuskar ta narke, ido da gira suka haɗe. A tsohon allo komai dishi-dishi yake, don haka ba ta fita daban ba. A nan kuwa komai na gefenta ya fito sarai, ita kaɗai ce ba ta fito ba.

Na ce masa ya nemi tsohon allo irin na da a kasuwar 'yan gwangwan, ya ajiye shi don ita kawai. Ya ce ai ya riga ya gani, ido ba zai manta ba. Kuma shi da yake gyara wa duniya, a ce tasa ce za ta zauna a haka?

Daga nan ya shiga gyara. Ya fara da ido, ya koma leɓe, ya zana layin haɓa. Abin da wayar ba ta ɗauka ba, daga kansa yake ciko shi. Masu kawo aiki suka yi ta zuwa suna komawa da hotunansu. Yakan buga bango ya kira ni ya tambaye ni ko girarta ta kai nan, ni kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu da ita, ban taɓa ƙare mata kallo ba. Ya kira 'yarsa a waya, yau ta ce hancin ya yi tsawo, gobe ta ce kamar ya yi gajere, daga baya ta fara kuka ta roƙe shi ya daina tambayarta. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don ya rame har wandon da na ɗinka masa ya fara zamewa.

Yana da wata ɗabi'a tun zamanin da kwamfutarsa ba ta da isasshen wurin ajiya: in ya yi gyara, a kan na asali yake adanawa. Ga hoton mutane ba matsala, na takarda yana hannun masu shi. Wannan ba shi da na takarda, hannunsa kuma ya saba, bai tsaya tambayarsa ba.

Washegarin ranar da ya gama, ƙanwar marigayiyar ta biyo ta shagon don ta gaishe shi. Ina tsaye a bakin ƙofa. A allon ga mace nan fes, kowane gashin ido a wurinsa, kyakkyawa ta gaske. Ƙanwar ta sunkuya ta duba da kyau, ta yi murmushi.

"Yaya, wannan kuma wace ce? In aure za ka ƙara ka faɗa mana, ba mai hana ka."

Ya yi 'yar dariya, ya tambaye ta yara. Da ta tafi ya shiga buɗe wurare a kwamfutar yana rufewa, yana neman na farkon, mai hazon. Ya daɗe yana nema kafin ya sauke hannunsa a cinya.

"Tela," ya ce, bai juyo ba, "ni ma tun jiya nake kallonta. Ban san ta ba."