Kwakwar Barandarmu

Har yau idan na ji ƙarar zarto, sai in tuna wata safiyar Asabar, shekarar da na cika tara, a barandarmu ta hawa na goma sha huɗu a Cheras, unguwar da muka zauna a ƙasar waje. Baba yana tsaye a kan kujera da zarton aro, ni kuma na rungume tukunyar shukar don kada ta goce.

Kwakwar ado ce, irin wadda ake jerawa a lambunan bakin teku. A Port Dickson, wani gari na bakin teku, na gan ta tana 'yar ƙarama, na yi ta kuka har Baba ya saya, lokacin bai daɗe da fara digirinsa na uku ba. Iskar da ke riga ruwan yamma zuwa ta sha karya wa Mama tumatir da yakuwa, amma ita sai ta sunkuya, ganyenta na raɗa, ta sake miƙewa. Ruwan wankin shinkafa nake ba ta, a gindinta nake aikin makaranta. Cikin shekara huɗu ta taɓo rufi, ganyenta suka leƙa waje, masu kula da ginin suka manna mana takarda: ko a rage ta, ko a fitar da ita. Mu kuwa ba mu da ƙasa ko taki ɗaya a garin nan.

Mama ta ce a kai ta bola. Ni ce na roƙa a rage mata tsawo kawai. Baba ya ce, "Share hawayenki, uwata. A gida sare kan zogale muke yi, sati biyu ya tofo." Ya yanke kan gaba ɗaya, har da wani farin abu mai laushi da ke tsakiya.

Wata uku ina shayar da kututturen. Kullum na dawo makaranta sai in hau kujera in shafa wurin yankan, in tarar ya ƙara baƙi. Na lulluɓe shi da ɗankwalina saboda rana, na yi masa addu'a. Ƙanina Sadik, da ya kwaso "lah" ɗin da mutanen garin ke ƙarawa a magana, kan leƙo ya ce, "Ta mutu lah, Yaya," in kore shi. Baba ya daina fitowa baranda.

Yanzu su Baba sun koma gida, ni ina nan, a ɗakin da ba shi da baranda. Wani lokaci a waya yakan ce, "Zafin siminti ne ya kashe ta," in ce haka ne. Ban taɓa gaya masa abin da sai a jami'a na sani ba: wurin tsiro ɗaya tak kwakwa take da shi, can a tsakiyar kanta, kuma ba ta sake yin wani.