Yaren da Inna ta hana ni

Inna ba ta taɓa yi mini yarensu ba. Muna yara, in ɗayanmu ya kwaso kalma guda daga bakin kakarmu, sai ta ɗalle masa baki, ta ce ba za a kira 'ya'yanta ƙauyawa a makaranta ba. Da Hausa muka tashi. Yaren kuwa yau tsofaffi 'yan kaɗan ne suka rage masu jin sa.

Da na ɗauko ta zuwa Gaithersburg a Amurka, inda nake aikin asibiti, don a duba mata ciwon zuciya, sai wata ɗaliba 'yar Kano mai nazarin harsuna ta ji labarinta a masallaci. Ta zo da rikoda da goro. Na ce kwana biyu za ta gaji.

Ina! Kowace Asabar tana falona. Inna, wadda sai na yi da gaske nake samun abin da ya wuce "lafiya lau" a bakinta, ta zama aku. Tana faɗa mata sunan kowane ɓangare na rumbu, tana rera waƙar daka har da tafi. Ni kuwa ina kicin ina buga tukwane da gangan don ƙarar ta shiga rikodar. Kishi nake, ba zan ɓoye ba. Ko shayin da nake kai wa baƙuwar ba na cika masa sukari.

Ran nan haƙurina ya ƙare. "Inna, ni da kika haifa fa?"

"Ke me za ki yi da shi? Ita aikinta ne. Ki ji da asibitinki."

Bayan wasu watanni aka kwantar da Inna a wani asibiti a garin Largo. Jiki ya yi tsanani, Hausa ta gudu daga bakinta, sai yaren kawai. Ta riƙe hannuna tana ta maimaita magana guda, ina cewa "To, Inna," ban san me nake amsawa ba. Na daɗe ina juya waya a hannu kafin na danna lambar ɗalibar nan.

Na matsa da wayar kusa da Inna. Ɗalibar ta saurara, sannan ta amsa mata da yaren. Inna ta yi murmushi, ta saki hannuna.

"Anti, cewa take ƙafafunta sun yi sanyi, a rufa mata."

Na rufa mata. Ashe tun azahar uwata ke roƙona bargo.